Inabin Birbirsa a Shekarar da Aka Tafi da Kifle

Litinin, 10 ga watan Tahsas, da hantsi

Inabi ya nuna. Na zaga garka tun rana ba ta yi zafi ba, na ɗanɗana daga layin rafi har layin tudu, zaƙi har yana kama maƙogwaro. Tun da mahaifina Abbaye, mai sarautar yaƙi ta Fitawrari, ya dasa kuringar nan a Birbirsa bayan yaƙin Italiya, ban taɓa ganin ta ɗauki 'ya'ya haka ba. Kuma wai sai bana.

Rediyo ya ce harbin da aka yi a birni makon jiya ya lafa. Rundunar da ƙanena Kifle yake hafsa a cikinta, kowa ya san yunƙurin juyin mulkin da ta yi, ba sai na rubuta ba. Direbansa ya iso jiya a ƙafa, ba hula, ya ce ya ga an kama Kifle an sa shi a bayan mota da ransa. Da ransa. Na sa ya maimaita mini, sannan na ba shi abinci na ce ya wuce ƙauyensu kafin Abbaye ya gan shi.

Abbaye bai sani ba. Na cire batirin rediyonsa na ce masa ya lalace. Yana zaune a baranda, gurguwar ƙafarsa a kan kujera, yana cewa kada a taɓa inabi sai Kifle ya zo hutu.

Laraba, 12 ga Tahsas, da azahar

Motar Muse Manoli ba ta zo ba. Bagirken nan shi yake kwashe ruwan inabinmu duk shekara kafin girbi, ya ɗura a kwalabensa ya sayar a kantinsa na unguwar Piyasa a birni. In bai kwashe na bara ba, gangunanmu a cike suke, babu inda za mu zuba na bana.

Na hau alfadara har Ambo na buga masa waya daga gidan waya. Na ce, "Muse Manoli, Askale ce, 'yar Fitawrari Ashenafi."

Ya ce, "Wace Askale?"

Mutumin da ya ci naman gidanmu har maɓallin rigarsa ya tsinke! Na ce, "Askalen da ka yi wa alkawarin turare daga Atina." Ya ce waya ba ta ji sosai, ya kife.

Na dawo ban yi kuka ba. Ina so a san wannan.

Alhamis, 13 ga Tahsas, da safe

Obbo Dugasa, shugaban manoman da suke zaune a ƙasarmu, ya zo ya tsaya a bakin shinge, ya ƙi shigowa. Ya ce, "Emebet, uwar ɗakinmu, ana cewa duk wanda aka gani yana aiki a gidan nan, shi ma za a zo masa. Mutane suna da 'ya'ya."

Na ce, "Haka ne. Ku zauna a gida ku kalle ni."

Na ɗaure ƙuguna, na kira matan madafa da tsohon mai gadi, muka shiga garka. Abbaye ya hango mu yana ta buga sanda a ƙasa yana cewa wa ya ba da izini. Na ce tsuntsaye ne suka ba da izini, don su tuni suka fara nasu girbin.

Alhamis, da yamma

Hannuna ya yi baƙi kirin, ya tsattsage. Yana ba ni sha'awa.

Asabar, 15 ga Tahsas, da la'asar

Grazmach Belachew ya zo. Ɗan wan Abbaye ne, shi ne farkon ɗan'uwa da ya tako gidan nan tun da abin ya faru, har na yi murna, wauta ta. Na gasa gahawa da hannuna. Yana kurɓa yana kallon rufin ɗaki kamar mai auna shi.

Ya ce, "Askale, ƙanwata, irin wannan ƙasa ba ta daɗewa a hannun gidan da aka yi wa alama. A mayar da ita da sunana kafin a zo. In ƙura ta lafa mu yi magana."

Na ce, "Gashe, yayana, ku yi magana a hankali, Abbaye bai..."

Sai ya ɗaga murya da gangan. Ya faɗa wa Abbaye duka. Ya faɗi har abin da ake yi wa waɗanda aka samu da hannu, da inda ake yi, da yadda jama'a suke taruwa kallo. Ba zan rubuta ba.

Abbaye bai motsa ba. Ni ce na tashi na ɗauke kofin daga hannun Grazmach bai gama sha ba. Na ce, "Dokinku ya huta, Gashe. Rana tana yi muku."

Ya ce, "Mace da ta kasa riƙe miji ita ce za ta riƙe Birbirsa?"

Na ce, "Mijin ban so riƙe shi ba ne. Wannan kuwa ku zo ku gwada."

Ya fita yana tuntuɓe da bakin ƙofa. Matan madafa sun ji komai, sai ga su suna guɗa a ɓoye cikin mayafi.

Lahadi, da rana

Abbaye ya rufe ƙofa. An dawo da abincinsa yadda aka kai.

Litinin, 17 ga Tahsas, da hantsi

Mata suka fara zuwa. Na ɗago daga ƙarƙashin kuringa na ga matar Dugasa a layi na gaba tana yanka, ba sallama, ba komai, bayanta kuma wasu, da goyonsu da kwandunansu. Kafin rana ta take, sai ga mazan suna saukowa daga tudu ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon ƙafarsa.

Dugasa ya ce, "Kada ki ɗauka jarumta ce, Emebet. Tun shekaranjiya ba a ɗora tukunya a gidajenmu ba. Sun ce mu je mu ci tsoro."

Matarsa ta ce, "Kuma ga shi ya ƙoshi, dubi cikinsa."

Aka yi waƙa yau a garka. Na yi amshi, ni da ban iya ba.

Talata, da yamma

An fara matsa. Na aika aka tattaro randunan giyar zuma na gidan nan da na ƙauye, har firist ya ba da na coci, ya ce in dai za a dawo masa da su da ɗan abu a ciki. Mun cika su duka, inabi kuma ko rabi ba a yanka ba. Dole gangunan nan su zama fanko.

Ƙofar Abbaye a rufe. Babu labari.

Alhamis, 20 ga Tahsas, da azahar

Yau na shiga inda mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ba ta yarda ko inuwarta ta faɗa ba: gidan giyar Dinkinesh a Ambo. Mashaya suka juyo suna kallona. Dinkinesh kuwa tana zaune a kan kujera mai ƙafa uku, ta cika ta ta batse, haƙorin zinariya yana walƙiya.

Ta ce, "Yau kuma wace rana? Woizero Askale a ɗakina? Ku share mata wuri, kada talauci ya shafe ta."

Na ce, "Talauci da wannan haƙorin? Ciniki na zo."

Na faɗa mata gaskiya: ganguna cike da ruwan inabin bara, babu mai saye. Ta juya zobenta. Ta ce da an sha ruwan azumi a Genna, wato Kirsimetinmu, watan Tir watan aure ne, kuma bana masu kuɗin birni suna tsoron a gan su a manyan otal, a gida kowa zai yi bikinsa. Matan da suke dafa abincin bukukuwan nan ƙawayenta ne a kasuwar Markato. Tana da ɗan'uwa mai babbar mota da yake kai hatsi birni.

Na ce, "Me za ki ci a ciki?"

Ta ce, "Rabona na ciniki daban, wannan ba a faɗa a kansa. Abin da nake so, ranar idin Timkat in zauna a cikin zauren gidanku, a kan tebur. Na gaji da kai muku giya ta ƙofar baya ana miƙo mini gurasar injera a tsaye."

Na ce, "Kusa da Fitawrari za ki zauna."

Ta ce, "In akwai zauren zuwa lokacin."

Na ce, "Akwai."

Ta kuma ce a kankare sunan gidanmu daga jikin gangunan, don kada ya kori masu saye. Na ce sai dai a kankare ni. Ta yi dariya ta ce ashe abin da ake faɗa a kaina gaskiya ne.

Asabar, 22 ga Tahsas, da sassafe

Ana cikin loda ganguna ƙofar Abbaye ta buɗe.

Ya fito cikin kayan yaƙinsa, alkyabbar nan mai zaren zinariya da asu ya fara ci, da hular gashin zaki, da garkuwa. Ya rame har alkyabbar tana jan ƙasa. Mutane suka ajiye abin da ke hannunsu suka rusuna. Bai kalli kowa ba sai ni.

Ya ce, "Ke kika kashe mini rediyo."

Na ce, "Ni ce, Abbaye."

Ya ce, "Za mu yi wannan maganar. Ɗaga ni ki sa a motar nan."

Na ce hanya ba ta da kyau, ƙafarku kuma ga yadda take. Ya ce ƙafar nan a kan ƙasar nan aka harbe ta, zai kai ta birni ya nuna wa waɗanda suka manta. Dugasa da wani suka cicciɓe shi suka sa shi gaba, Dinkinesh a gefensa, ni a bakin taga. Tun kafin mu kai kwalta ta ciro ƙullin soyayyar sha'ir ta miƙa masa. Ya ci. Ya ci!

Na bar wa Dugasa sauran girbi.

Asabar, da yamma, a birni

Direba ya ce kada mu bi ta dandali. Ba mu bi ba. Ban tambaya ba.

Gidanmu na birni yana nan, an fasa taga biyu. Maƙwabta sun sauke labule da suka ga motarmu.

Litinin, 24 ga Tahsas, da azahar

Abbaye ya fara tsayuwar ƙofa. Da asuba ake kai shi bakin babbar ƙofar fada inda ake kai kuka, ya tsaya dogare da sandarsa cikin kayan yaƙi, duk babban da ya zo wucewa ya ɗaga murya da kiran mai neman adalci, "Abet! Abet!" Waɗanda suka yi yaƙi a ƙarƙashinsa suna wucewa a mota suna kallon wancan gefen. Ya ƙi kujera.

Ni da Dinkinesh muna Markato. Matan nan ba su da kunya ko kaɗan. Ɗaya ta kurɓa ta kurkure baki ta ce, "Na Bagirke ya fi wannan." Na ce, "Uwata, na Bagirken shi ne wannan, bayan ya ƙara masa ruwan famfo." Suka kwashe da dariya har da tafawa. Ta ɗauki ganga biyu.

Laraba, da la'asar

An ɗauka, an ɗauka, an kuma ɗauka. Duk gangar da aka juye a tuluna, mota ta koma da ita Birbirsa fanko. Dugasa ya aiko cewa an yanke layin ƙarshe, ko ƙwaya ba a bar wa tsuntsu ba.

Wata ta karanta sunan da ke jikin ganga ta ja da baya. Dinkinesh ta ce mata, "Suna za ki ba baƙi su sha?" Ta dawo.

Babu labari.

Asabar, 29 ga Tahsas, Genna, da rana

Na yanka kaza, na yi miya yadda Kifle yake so, da ƙwai da yawa. Mun zauna mun kalle ta.

Talata, 2 ga Tir, da hantsi

An yi bikin farko ranar Lahadi, 'yar wani attajirin fatu. Jiya tun safe ake buga ƙofarmu, ƙofar da mako guda ko kare bai shinshina ba. Uwayen amare ne, kowace da ɗan aikenta, kowace tana rantsuwa ita ta riga zuwa. Matar wani alƙali, wadda ta tsallaka titi ranar Genna don kada ta gaishe ni, ta zo da kanta tana ce mini 'yar'uwa. Na bar ta a tsaye na gama shan gahawata. Sannan na sayar mata, don ni 'yar kasuwa ce yanzu, in ji Dinkinesh.

Ban taɓa sanin akwai daɗi irin wannan ba. Ina jin kunyar jin sa, amma ina jin sa.

Alhamis, da yamma

Abbaye ya faɗi a bakin ƙofa yau. Masu gadi suka tashe shi, ɗaya ya ba shi ruwa. Na roƙe shi ya huta gobe. Ya ce, "Ke ki ji da gangunanki."

Jumma'a, 5 ga Tir, da azahar

Ba shi kaɗai ba ne yanzu. Tsofaffin sojojinsa sun ji labari, sun fito daga unguwannin bayan gari, wani ba ido, wani ba hannu, kowa da lambar yabonsa a ƙirjin tsumma. Sun jeru a bayansa. In ya ce "Abet!" su amsa gaba ɗaya. Na tsaya daga nesa na gani. Motoci sun fara rage gudu.

Na aika musu da tulu ɗaya da injera. Ganga ta ƙarshe ta fita yau.

Litinin, 8 ga Tir, da la'asar

An kira Abbaye ciki.

Litinin, bayan faɗuwar rana

Da ransa. Da ransa. Kifle yana ɗakin nan na kusa, yana barci da takalmi a ƙafa.

Abbaye ne ya shigo gaba, Kifle a bayansa cikin wata riga da ba tasa ba, an aske masa kai. Na ruga wajen Kifle. Ya ce, "Etiye, yayata, me ya sami hannunki?" Shi ne abin da ya fara ce mini. Shi da ya dawo haka, hannuna yake tambaya.

An sake shi a hannun Abbaye. Ba zai ƙara sa kaki ba, ba zai fita daga Birbirsa ba sai da izini. Me Abbaye ya faɗa a ciki, me ya sa hannu a kai, bai gaya mini ba. Na ga dai ya dawo babu garkuwarsa. Abokan Kifle da muka sani, ban tambaye shi ko ɗaya ba.

Alhamis, 11 ga Tir, Timkat, da yamma, a Birbirsa

An kai akwatin alkawari rafi jiya, yau aka dawo da shi coci da kiɗa da rawa, firist ya yayyafa mana ruwa har ya jiƙa ni sharkaf, ina jin da gangan. Na mayar masa da randunansa, ba fanko ba.

Mun yanka sa biyu. Zaure ya cika, tsakar gida ta cika, mutanen Dugasa har bakin garka. Dinkinesh ta iso cikin farin kaya mai bakin zinariya, ta shigo ta ƙofar gaba tana takawa ɗaiɗai kamar amarya. Abbaye da kansa ya nuna mata kujerar damansa, ya naɗa loma ya sa mata a baki a gaban kowa. Matar nan da bakinta ba ya mutuwa, sai ga hawaye.

Grazmach Belachew ya zo, ba a gayyace shi ba, yana ta rungumar mutane yana cewa shi dama ya san gaskiya za ta fito. Na ba shi wuri can ƙasa da Dinkinesh, kusa da ƙofa, inda iska take shigowa. Ya ce, "Askale, nan ne wurina?" Na ce, "Don dokinku, Gashe. Kada ku yi nisa da shi."

Da aka ci aka sha, Abbaye ya buga sanda aka yi shiru. Ya ce, "Na haifi ɗa na ba ƙasa, ƙasa ta dawo mini da shi, na gode. Garka da rumbun ganguna da cinikin gidan nan kuwa, daga yau Askale za a tambaya. Ni kaina in ina son kofi ɗaya, ita zan roƙa." Sannan ya juyo ya ce mini a hankali, "Maganar rediyo tana nan."

Matan suka yi guɗa har kwanukan rufi suka amsa. Na tsaya a tsakiyarsu da baƙin hannuna, ban sunkuyar da kai ba.

Kifle ya zauna a kusurwa, bayansa a jikin bango. Ya ci kaɗan. Da aka harba bindigar murna a waje, na ga abin da ya yi. Na sa an hana harbi.

Asabar, da safe

Kifle ba ya magana. Yana bin Dugasa rumbu, ya naɗe hannun riga yana wanke ganguna. Na bar shi.

Laraba, 17 ga Tir, da la'asar

Muse Manoli ya zo! Da kansa, a ƙaramar motarsa, da kwalbar turare a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Kantinsa ya bushe, masu biki suna tambayarsa na Birbirsa da suna.

Ya tarar da Kifle a bakin rumbu ya buɗe hannuwa: "Lij Kifle! Ɗana! Kullum ina yi maka addu'a. Zo mu yi maganar kaya."

Kifle ya nuna ni da tsintsiyar da ke hannunsa ya ce, "Ni ɗan aiki ne. Ga mai gidan."

Ya juyo yana murmushi har kunne. "Woizero Askale!"

Na ce, "Wace Askale?"

Ya yi ja, ya yi fari, ya fara rantse-rantse a kan wayar Ambo da rashin kyawunta. Na bar shi ya gama. Na ce na bara ya ƙare tas, na bana yana barci a ganga, in ya tashi matan Markato ne a gaba. In ya ragu zai samu, da sharaɗin sunan Birbirsa a jikin kowace kwalba, kuma famfonsa ya huta. Ya yarda da duka. Turaren na ba matar Dugasa.

Da zai tafi motar ta ƙi tashi. Aka tura, aka tura, ta yi tari ta mutu. Babu abin hawa sai tsohuwar alfadarar nan tamu mai cizo. Mutum huɗu suka ɗora shi. Ta yi taku uku cikin ladabi, sannan ta tuna halinta, ta zabura ta yi gangaren rafi da shi, ya rungume wuyanta yana kiran uwarsa da Girkanci, hularsa tana birgima a baya, yaran ƙauye suna bi suna ihu.

Sai na ji wani sauti a bayana da na kusa mantawa. Kifle ne. Ya jingina da ganga yana dariya, dariya ta gaske, har hawaye, yana cewa, "Etiye, dube shi, don Allah dube shi!" Hannunsa ɗaya yana dafe da haƙarƙarinsa na hagu, kowace dariya sai fuskarsa ta yamutse, amma bai daina ba.

Na ga inda yake dafewa. Na matsa kusa da shi na tsaya, muka kalli Bagirken tare har ya ɓace a bayan itatuwa.